Ƙusar Malam Uzairu

Malam Uzairu ya zo Alƙahira daga Damagaram yana saurayi, da niyyar ya yi karatu a Azhar ya koma. Karatu ya ƙi ci, shi kuma kunya ta hana shi komawa hannu rabbana. Sai ya zama mai gadin gidan da ya sauka, wani tsohon gida a unguwar Darbul Ahmar mai ginshiƙan katako da tagogin itace sassaƙaƙƙu. A nan furfura ta same shi.

Gidan masaukin ɗalibai Hausawa ne tun kafin a haifi Uzairu, kuma suna da wata al'ada. Ranar da ɗalibi zai koma ƙasarsu, sai ya kafa ƙusa a jikin babban ginshiƙin zaure, domin a cewarsu wanda bai kafa ƙusa ba bai tafi ba. Yau da gobe ginshiƙin ya koma kamar bushiya. Uzairu ne mai miƙa guduma, shi ne mai rakiya, shi ne mai dawowa ya share ɗaki. Tasa ƙusar kuwa tana aljihun jallabiyarsa, har ta yi santsi don shafa.

Da ɗalibai suka watse zuwa unguwar Faisal, rufi ya fara yoyo, magadan mai gidan suka soma zancen rushewa. Uzairu, mutumin da ko gardamar kayan miya ba ya iyawa, sai ga shi kullum a ofisoshin gwamnati na Wustul Balad, tsakiyar birni, da sandarsa, yana roƙon a sa gidan cikin kayan tarihi. Ya sha zaman benci, amma mai haƙuri shi kan dafa dutse. Aka turo wata injiniya mai suna Samar ta duba.

Katakon ya burge ta, ƙusoshin ne ba su yi mata ba.

"Ammu Uzairu, tsatsa na cin itacen. Dole a cire su," in ji ta, tana kiransa Ammu, wato Baffa.

"Ma'alish, ki yi haƙuri 'yata, ba ƙusoshi ba ne, mutane ne," in ji shi. Ya ɗora yatsa a kan wata karkatacciya. "Wannan Yakuba ne. Garin murna ya karkatar da ita, bai yi wata a gida ba ya rasu. In kin cire ta, wa zai san ya taɓa kwana nan?"

Samar ta ɗauki hotuna ta tafi.

A tsakanin nan gwiwoyinsa suka gaza, 'ya'yan ƙanwarsa suka matsa ya dawo gida a kula da shi. Ya amsa. Karo na farko a rayuwarsa ya nemo guduma ba don wani ba.

Ana saura kaɗan ya tashi, Samar ta dawo da fara'a. An sa gidan cikin kayan tarihi, har da ƙusoshin, za a shafa musu maganin tsatsa a bar su inda suke. Uzairu ya yi hamdala har idonsa ya kawo ruwa. Sai ta hangi gudumar a hannunsa, fara'arta ta ɓace.

"Ammu, daga yau doka ce ke riƙe da ginshiƙin. Ba a cirewa, ba a ƙarawa."

Abin ya soke shi ƙwarai. Shi ya yi ta jan ƙafa har aka rufe ƙofar nan, ashe da shi a waje. Samar ta juya masa baya, ta ce za ta leƙa sama ta duba rufi, kuma kunnenta ba ya ji sosai.

Ya gane nufinta: ya kafa abarsa, ita ba ta gani ba, ba ta ji ba. Ya daɗe tsaye, ƙusa a hagu, guduma a dama. Ya san in ya kafa, gobe wani ma zai ce tasa ɗaya ce tak. Da ta sauko, ta tarar ya rataye gudumar.

"Khalas, shi ke nan 'yata," ya ce, yana mayar da ƙusar aljihu. "Duk wanda ya zo ya tambayi Uzairu, ki nuna masa ginshiƙin. Ki ce masa bai tafi ba."