Gwiwar da Ta Kai Ni Gaisuwa Goronyo

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na tsuguna gaban surukina a Goronyo ba. Wani zai ce tsuguno ma abin ba da labari ne? To, bari ya ji.

Zamanin Turawa ne, ina saurayi, ina kai albasa daga Wurno zuwa kasuwar Gandi da jakaina. Wata rana jakin da nake kai ya zame a gangaren rafi kusa da Rabah, na sauka da gwiwa kan dutse, ƙoƙon ya tsage. Motar En'e ce ta kai ni asibitin birnin Sakkwato, likita Bature ya yi mini aiki ya ɗinke. Da za a sallame ni, aka gargaɗe ni in riƙa miƙe ƙafar ina lanƙwasawa kullum, ko da zafi.

Inna, mahaifiyata, ta ce ba a gidanta ba. "Wa yat taɓa ganin an yanka mutum, a ce kuma shi dinga motsa wurin?" Ta sa aka jera mini kara aka ɗaure tamau kamar ɗorin karaya. Ni kuwa, gaskiya, daɗi na ji. Ina kwance, ga fura, ga 'yan dubiya. Da aka kwance bayan mako biyu, ƙafa ta sandare kamar taɓarya.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Goronyo. An riga an yi mini baiko da wata yarinya da nake so kamar raina, sai aka kai wa mahaifinta labarin wai na gurgunce. Dattijon bai ce ya fasa ba. Cewa ya yi kawai: "In an gama kaka, shi taho shi gaishe ni." Kowa ya gane. A ƙasarmu ba a gaida suruki a tsaye. In na kasa tsugunawa, magana ta ƙare ke nan.

Allah ya taimake ni, malamin asibiti ya zo rangadi kan keke. Yana ganin ƙafar ya riƙe baki. "Inna, mi kunka yi mai? Wagga ba karaya ta ba! Gwiwa in ba a motsa ta, bushewa takai." Inna ta share ido da bakin zane. Washegari ita da kanta ta kife mini turmi a tsakar gida.

Wayyo, na ga aiki! In zauna kan turmi, a ɗaura mini 'yar jakar gero a idon sawu, in ɗaga ƙafa in sauke, in ja dunduniya baya har gumi ya keto mini. Kullum Inna sai ta ƙara geron da tafin hannu guda. Kaji suka gane, suka riƙa yi mini layi suna jiran jaka ta yoye. In na yi ihu, ta ce, "Kuka za ka yi, ango? Bari in aika Goronyo su ji." Sai in cije in ƙara goma.

Daga babban turmi ta mayar da ni ƙarami. Daga nan kujera 'yar tsuguno. Ranar da na sauka har kan dunduniyata ina riƙe da dirkar rumfa, Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo da gudu, sun zaci haihuwa aka yi.

Aka gama kaka, muka tafi ni da kawuna. Zaure cike da mutane, kowa ƙafata yake kallo. Na cire takalmi, na ajiye sandata a waje, na yi bisimilla na sauka. Gwiwa ta yi ƙas, amma ta lanƙwashe!

Dattijon nan kuwa ya ja gaisuwa da gangan. Lafiyar gida, lafiyar Inna, ya damina, ya albasa, har jakin da ya kayar da ni sai da ya tambaya. Ni dai "lahiya lau, Baba" nake yi, cinyata tana rawa. Can ya ce, "To, tashi mu gani." Na miƙe ban dafa ƙasa ba. Ya dubi mutanensa ya ce, "Ashe ƙarya anka yi mai. Ku kawo ma ɗana ruwa."

Ɗana! Kalmar nan ta fi mini ruwan daɗi. Da muka fito, kawu ya ce in hau jaki. Na ce a'a, yau ƙasa zan taka.

Yau tsohuwar da na tsuguna dominta tana nan kusa da ni, jikoki na hawa wannan gwiwar. Abin da na koya shi ne, tausayin da ya kwantar da ni ya kusa raba ni da ita, azabar turmi ce ta ba ni aure. Duk wanda aka yi wa aiki ya ce mini motsi da zafi, sai in ce masa: ka gode wa mai sa ka kuka, ni uwata ce.