Fuskata Ta Ƙaryata Hannuna a Jushi

Litinin: Kaduna zuwa Samaru

Da ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gidanmu a Kaduna, bayan mahaifina ya yi mini addu'a. Duk lokutan da zan ambata, daga littafin da na riƙe na kwafo su. Inda ban tabbata ba, zan faɗa. Ina cikin matasa goma sha biyu da aka kira Samaru ta Zariya domin koyon fassara sanarwar gaggawa, irin ta gobara ko ambaliya, zuwa maganar hannu saboda kurame. Na iya hannun tun a jami'a, amma ban taɓa fassara maganar da ran mutum ya rataya a kanta ba.

Bas ɗinmu ta tashi daga Kawo da shida saura minti goma. Muna tafiya ina bita a kan cinyata, sai direba ya hango ni ta madubi.

"'Yan mata, lafiya? Tun daga Kawo kike korar ƙuda."

"Bita nake yi, direba."

"To ki yi wa na bakin shingen can, ko ya ƙyale mu mu wuce."

Shinge uku muka wuce. Mun sauka Kwangila da bakwai da minti ashirin, na hau keke napep zuwa Samaru, gidan Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina. Ta ba ni koko da ƙosai, na kasa cin fiye da biyu.

Talata: Samaru

Mai koyar da mu, Malama Saratu, kurma ce, ta daɗe tana koyarwa. Ta sa kowa ya tsaya ya fassara jimla guda: ruwa na tahowa, ku tashi yanzu. Na yi tawa ba tare da na bar alama ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da hannu: "Rifkatu, hannunki ba shi da aibi. Fuskarki barci take yi." Abokan karatu suka yi dariya. Na rubuta maganar a gefen shafi, na ɗauke ta gyaran ado, na koma kan abin da nake tsoro da gaske, wato kada in musanya wata alama da wata.

Laraba: Sabon Gari

Kwana biyu ke nan ana tafka ruwa. Da tara da rabi aka zo wa Malama da saƙo cewa hukuma za ta bi unguwannin bakin rafi tana gargaɗin ambaliya, kuma ana neman masu fassara. Aka raba mu. Malama ta tafi Muciya da wasu, ni kuwa aka haɗa ni da wata abokiyar karatu, Ngozi, haifaffiyar Sabon Gari, aka ce mu bi jami'i zuwa Jushi. Minti ashirin da biyar muka yi a hanya.

Kuramen unguwar suna taruwa a rumfar wani dattijo mai gyaran takalma, Baba Ɗanjuma. Mutum tara na ƙirga, yawancinsu sa'o'in iyayena. Jami'in ya karanta takardarsa: ana sa ran rafi zai cika ya batse kafin dare, duk mai gida a gangare ya koma makarantar firamare kafin magariba. Ngozi ta riƙe waya tana ɗauka, domin Malama ta ce kowa ya kawo hoton bidiyon aikinsa.

Na rusuna na gaishe su, yadda aka rene ni. Da na fara fassara, idona na ƙasa, domin a gidanmu yarinya ba ta zuba wa dattijo ido. Ashe har murmushi nake yi, irin na ladabi. Baba Ɗanjuma ya gyaɗa kai, ya ce da hannu, "Allah ya yi miki albarka," ya ci gaba da ɗinkinsa. Na rubuta a littafina: babu kuskure.

Laraba da yamma: komawa

Da huɗu da minti goma, a Samaru, Malama ta kalli hoton. Ba ta kai ƙarshensa ba ta ajiye wayar.

"Ina gidan dattijon nan?"

Ngozi ta ce na ƙarshe ne a gangare, kuma matarsa, Mama Hannatu, ita ma kurma ce, ga ciwon ƙafa.

Malama ta juyo gare ni. "Mai ji yana gane hatsari daga muryar mai magana. Mu daga fuska muke gane shi. Hannunki ya ce su gudu, fuskarki ta ce idan sun samu sarari. Fuskar za su gaskata."

Na ce ita ya kamata ta je, tunda za su fi jin nauyinta. Ta ce a'a, wadda ta yi murmushin ita za ta je ta janye shi.

Hadari ya riga ya haɗu ta gabas. Masu keke napep biyu suka ƙi zuwa. Na ukun ya ce, "Jushi gangare? Anti, keken nan ba kwalekwale ba ne." Ngozi ta yi masa magiya da Hausa da buroka har ya yarda ya kai mu bakin kwalta. Ruwa ya kece tun kafin Kwangila. Ban san lokacin da muka isa ba, domin ban duba agogo ba. Duk hanyar abu ɗaya nake gani: tsofaffi biyu a ɗaki, maƙwabta na ihu a waje, su kuwa ba sa ji.

Muka gangara a ƙafa, ruwa ja yana dukan ƙaurinmu. Gidajen kusa duk an rufe su an tafi. Wata mata da ke wucewa da ƙunshi a kai ta ce sun yi wa Baba nuni, ya ce ai mai ilimi ta zo ta yi bayani, abin bai kai haka ba.

Muka same shi yana tare bakin ƙofa da buhun yashi. Na tsaya a gabansa, ban rusuna ba. Na kafa masa ido, abin da ban taɓa yi wa mai furfura ba. Na zaro idanu, na cika kumatu da iska, na ɗaga tafin hannu daga gwiwa zuwa ƙirji zuwa saman kai. Ban ɓoye tsorona ba, shi na nuna masa.

Ya dube ni, ya ce, "Da safe dariya kike yi."

"Kuskurena ne, Baba. Kunyarka na ji. Yanzu. Ku tashi yanzu."

Ya kalli rafin, ya sake kallon fuskata, ya saki buhun. Ni da Ngozi muka tallabi Mama Hannatu, shi ya rungumi akwatin aikinsa. A makarantar, tana zama ta kama kumatuna ta ja, ta ce, "Ashe kina da fuska."

Alhamis: gida

Da safe Ngozi ta kira ni ta ce ruwa ya kai tagar ɗakin su Baba Ɗanjuma, kuma bangon baya ya zube. Ban gani da idona ba, yadda ta faɗa na rubuta. Sauran kurame takwas ɗin a tudu gidajensu suke; sai da na sa ta tabbatar mini sau biyu.

Na bar Kwangila da ƙarfe biyu, na shiga gida da huɗu saura kwata. Ina godiya ga Allah, da Malama Saratu, da Ngozi, da Goggo Asabe, da mai keken da ban tambayi sunansa ba. Na durƙusa na gaishe da mahaifina, idona a ƙasa kamar kullum. Can mahaifiyata ta leƙo ɗaki ta same ni gaban madubi, idanu a zare, kumatu a cike.

"Rifkatu! Lafiya?"

"Lafiya lau, Mama. Aiki nake koyo."