Ɗigo Goma Sha Tara a Ƙofar Baba Usur

Minti uku aka ba Baba Usur ya yi magana a gaban kwamitin ayyuka na majalisar gari. Tun kwana goma kafin ranar ya san cewa in ya faɗi abin da aka shirya masa, za a gina gada a inda jinin kowa bai taɓa zuba ba.

Aikinsa tsallakar da yara titi. Shekara goma sha huɗu ke nan yana tsayawa a ƙofar makarantar firamare da ke bakin babban titi, da riga mai ƙyalli wadda rana ta cinye launinta, da jan allo a hannu, da usur ɗin da ya cinye sunansa na yanka. Kafin nan mai walda ne. Tartsatsi ya ɗauke masa rabin ganin idon hagu, maigidansa ya sallame shi da addu'a da wani tsohon zarto. Direbobin bas sun san shi, suna yi masa ba'a cewa da ido ɗaya da rabi ya fi fitilar titi iko. Shi kuwa abin taƙamarsa ɗaya ne a duniya, kuma ba ya faɗa sai an matsa masa: a shekara goma sha huɗu, ko madubin mota bai taɓa gogar yaron da ya riƙe wa hannu ba.

Sai ga Dakta. Matashiya ce daga wata cibiyar bincike, mai saurin tafiya, mai durƙusawa ta gaishe shi kamar mahaifinta. A ofishin hedimasta ta buɗe kwamfuta ta nuna musu taswirar titin. Jajayen ɗigo goma sha tara, kowane ɗigo mutum ɗaya da mota ta buge a cikin shekara biyar, dukkansu sun taru a ƙofar makaranta kamar ƙuda a kan miki. Ta ce daga takardun 'yan sanda da na asibiti ta tattaro su. Ta ce da wannan za ta sa majalisa ta gina gadar sama ta masu tafiya da ƙafa, a daidai nan.

Hedimasta ya kalli Baba Usur da wutsiyar ido, ya kau da kai.

Baba ya san yadda ɗigon suka zo ƙofarsa, don a gabansa aka sha yi. A fom ɗin haɗari akwai layin da ke tambayar sanannen wuri mafi kusa. Inda ake buge mutanen kuwa ba shi da suna a takarda. Taku ɗari uku ne ƙasa da makarantar, bayan kwana, inda babu komai sai kwalbati da sandar fitila da ta daɗe da mutuwa. Kofur ɗin 'yan sanda zai ɗora fom a kan bonet ɗin mota, ya ɗaga kai yana neman allon da ke da rubutu, idonsa ya sauka a kan na makaranta, ya rubuta. Asibiti su kwafa daga fom. Ma'aikatan da Dakta ta turo ƙirga masu tsallakawa ma a ƙarƙashin lemarsa suka zauna sati biyu, don nan taswira ta ce su zauna.

Kalma biyar ta isa ya gyara wannan kuskure. Bai faɗe su ba.

A tsakiyar titin akwai shingen ƙarfe da ya raba masu zuwa da masu komawa. A bayan kwanar nan, shingen yana da giɓi, sanduna biyu sun ɓace. Mutanen unguwa suna kiran wurin Wushirya. Ta nan mai zuwa shan magani yake bi, ta nan mai sauka daga bas yake yanke, ta nan yaran da suka makara suke ɓullawa don kada Baba ya gan su ya yi musu faɗa. Motar da ta fito daga kwana ba ta ganin mutum sai ya zo gaban gilashi.

Shekara tara da suka wuce, gwiwar matarsa ta fara ciwo. Shara take yi a ƙaramin asibitin da ke tsallaken titi, daidai da bakin layinsu. Kafin ta haura zuwa ƙofar makaranta, ta tsallaka, ta gangaro, sai ta iso aiki tana dafa bango. Wata asuba ya ɗauki tsohon zarton nan. Aikin bai kai rabin awa ba, har goge bakin ƙarfen ya yi don kada ya kama mata zane. Hanya ya yi wa mace ɗaya, gari ya gani ya bi.

Dakta ta zaɓe shi ya yi magana ne saboda labarin wani takalmi da ta ji. Bara mota ta buge 'yar wata mai ɗinki, yarinya 'yar aji huɗu, aka yanke mata ƙafar dama daga gwiwa. Baba ne ya tsinci takalminta a titi bayan an tafi da ita, ya wanke shi, ya kai wa uwar. Dakta ta ce masa ta daɗe a wannan aiki, ta gane cewa alƙaluma suna sa 'yan kwamiti gyaɗa kai, amma labari ne yake sa su ɗaga hannu. Ita za ta yi minti goma da taswira, shi ya yi uku da takalmi. Sau huɗu suka gwada a wani aji bayan an tashi, tana riƙe da waya tana duba lokaci. Ta ce ya rage gaisuwa, ya ambaci launin takalmin, ya ɗan yi shiru kafin ya ce na dama ne. Ta tambaye shi ƙarfe nawa ne, ta tambayi yadda uwar ta karɓa. Ba ta taɓa tambayar a ina ya tsince shi ba. Ta riga ta sani, yana cikin taswira.

Kada a ɗauka maƙaryaciya ce. Rahotanninta uku suna kwance a durowar ofisoshi, ƙura ta yi musu riga. Tana so ta ga na huɗun ya zama siminti da ƙarfe, ta wuce ta ƙarƙashinsa a mota ta ce a ranta ita ce. Wanda yake son abu haka ba ya yawan tambayar da za ta ɓata masa shi.

Shi ma ba waliyyi ba ne, kuma ya sani. Duk lokacin da zuciyarsa ta ce ya faɗi gaskiya, sai ya tsaya ya bincike ta. Yaran yake jiye wa, ko jajayen ɗigon da aka shafa wa sunansa ne suke damunsa? Ko kuwa abin da kowa zai fara zargi ne, cewa ranar da aka buɗe gada a ƙofar makaranta, ranar za a karɓi usur? Ya kasa raba ukun. Sun cakuɗe a cikinsa kamar ƙarfen da aka narkar.

Da safiyar ranar, matarsa tana goge masa rigar ƙyalli da dutsen guga mai ɗan ɗumi, ba ta ɗago kai ba ta ce ta ga kwana goma ba ya cin abinci sai tsakura. Ta ce in ya ga ba makawa sai ya faɗa, to ya ce ita ta sa shi.

"Ke kika riƙe zarton?" ya tambaye ta.

"Ni na bi ta wurin da farko."

Ya karɓi rigar. Ta ce ya bar usur a gida, ba titi za shi ba. Ya rataya shi a wuya.

Ɗakin taron yana da sanyin da ke shiga ƙashi. Dogon tebur, mutum bakwai a bayansa, kowa da robar ruwa da makirfo. A gefe an jingina zanen gadar da injiniya ya riga ya yi, da ƙananan mutane suna hawa suna murmushi. A kujerar baya mai ɗinki tana zaune da 'yarta, sandunan yarinyar a ƙarƙashin kujera. Dakta ce ta gayyato su, don a gan su.

Ta yi mintinta goma ba tuntuɓe. Kawuna suka gyaɗa kamar yadda ta ce. Shugaban kwamiti, wani mai furfura a gefen kai da ke yawan duba agogo, ya ce a kira tsohon. A farin bangon da ke bayansu majigi ya tsaya a kan hoto na ƙarshe: ƙofar makaranta, da Baba a tsaye ya ɗaga allo, an zuba jajayen ɗigon a kewaye da ƙafafunsa.

Ya rage gaisuwa. Ya ce takalmin baƙi ne mai maɗauri. Ya yi shirun da aka koya masa, ya ce na dama ne. Wata 'yar kwamiti ta ajiye bironta. Saura ya ce don Allah a yi musu gada, ya koma ya zauna. Dakta ta ɗaga masa yatsa ɗaya, alamar saura minti ɗaya.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ba a ƙofar makaranta na tsinci takalmin ba."

Ya faɗi kwanar, da kwalbatin, da fom ɗin kofur. Ya ce goma sha taran nan babu ko ɗaya da ya faɗi a gabansa, da gudu yake zuwa ya tarar da su. Ya ce in an gina gadar a inda zanen ya nuna, za a yi bikin buɗewa, kuma za a ci gaba da kwasar mutane taku ɗari uku a ƙasa.

Shugaba ya jingina da kujera, ya yi murmushin wanda ya ga irin wannan sau da yawa.

"Baba, mu faɗa wa juna gaskiya. Gada na zuwa, aikinka na tafiya. Ko ba shi ba ne?"

Aka yi 'yar dariya a teburin. Injiniya ya ce ai shingen titin a rufe yake daga farko har ƙarshe, yana da takardar da ta nuna haka, babu inda mutum zai bi. Baba ya ga maganarsa tana nutsewa. Tsoho mai kare tuwonsa, haka za a rubuta, a ɗaga hannu, a tashi. Sai ya gane cewa labarin da ba a biya komai a kansa ba, ba mai sayensa a wannan ɗaki.

"Akwai inda ake bi," ya ce. "Sanduna biyu ne babu. An yanke su a tsaye, an goge bakin. Ku aika a duba, aikin mai walda ne. Ni na yanke su, shekara tara ke nan."

Bai waiwayi kujerar baya ba, amma ya ji ƙarar sandar yarinyar da ƙafar wani ta taɓa.

Shugaba ya daina murmushi. Ya tambaye shi ko ya san abin da ya faɗa yanzu, a gaban magatakarda mai rubutawa. Baba ya ce ya sani. Shugaba ya tambaye shi dalili. Baba ya ce dalilin nasa ne shi kaɗai. Sai Shugaba ya juya ga Dakta, ya ce ta zaɓa masa, taswirarta zai bi ko bakin tsohon nan.

Dakta ta kalli hoton da ke bango. Da ta ce tsoho ne ya rikice, babu wanda zai musa mata, kuma da gadar tana hannunta kafin azahar. Fuskarta ta yi nauyi, ta fusata da shi ƙwarai, ana gani.

"Yawan mutanen daidai ne, ranka ya daɗe," ta ce a ƙarshe. "Wurin kuwa daga fom na ɗauka. Ban taka da ƙafata ba."

Ta roƙi sati biyu. Shugaba ya ce kwamiti ba zai sake zama ba sai bayan wata uku, kuma ba ya yi wa kowa alkawarin gadar za ta jira su. Ya rufe fayil.

A bakin matakala mai ɗinki ta tare shi. Ya tsaya, ya sauke kai, ya jira duk abin da za ta faɗa. Ta gyara wa 'yarta wuyan riga, sannan ta ce masa duk layinsu an san wanda ya buɗe Wushirya tun satin farko, har albarka ake sa masa.

"Ni na koya mata bi ta wurin, Baba," ta ce. "Ina riƙe da hannunta."

Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Suka sauka a hankali, yarinyar tana ƙirga matakala da sanda.

Kwana biyu bayan haka takardar dakatarwa ta zo, da wata ta kiran 'yan sanda. Ya miƙa wa hedimasta riga da allo da usur. Ma'aikatan majalisa suka zo suka toshe giɓin da sabbin sanduna, walda ce ta gaggawa, duk ƙuraje, ya kalla ya girgiza kai. Kafin sati ya cika mutane suka fara haurawa ta sama, mata suna miƙa wa juna jarirai ta kan ƙarfe. Matarsa ta koma zagayawa ta ƙofar makaranta, ta ƙara minti ashirin a fitarta.

Ran Litinin da hantsi yana zaune a kan kwalbatin, yana ɗaga wa motoci hannu duk lokacin da wani ya ɗora ƙafa a shingen, sai ya ga Dakta tana gangarowa da ƙafa. Ba ta durƙusa ba wannan karon. Tana riƙe da gwangwanin jan fenti da buroshi da fom goma sha tara a cikin leda.

Ta ce masa kwana goma ya zauna yana kallonta tana duba lokaci a waya, bai ce uffan ba. Ya ce haka ne. Ta ce bai kyauta mata ba. Ya ce haka ne ma. Ta buɗe gwangwanin da bakin makulli, ta zaro fom na farko, ta karanta kwanan wata.

"Wannan a ina ya faɗi?"

Baba ya jira wata tirela ta wuce. Sannan ya riƙe ta a gwiwar hannu yadda yake riƙe 'yan aji ɗaya, ya shiga titin da ita, ya nuna mata da ƙafa.