Kwantawa Ya Yi, Ba Mutuwa Ba

Har yau ban yafe wa dangin maigidana ba, da suka ce ni na sa masa afendis. Wai ban iya rege shinkafa ba, tsakuwa ce ta taru a hanjinsa. Ni da nake rege shinkafa tun yana da haƙoran tauna tsakuwar!

A asibitin Boɗinga likita ya ce ko a yi masa aiki, ko a gwada allurai da ƙarin ruwa. Malam na jin zancen wuƙa ya tuna albasarsa ta gonar Mandera ta isa cira, ya zaɓi allura. Ranar sallama likita ya ce, "Baba, ciwon ya kwanta."

Malam ya yi hamdala ya hau laluben takalmansa. Ni kuwa da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma babban abin da na ɗauko can shi ne tambaya. Na ce, "Likita, kwantawa ya yi ko mutuwa?"

Ya ce kwantawa. Yana iya tashi, yana iya yin shiru har abada. In ya tashi, a dawo da Malam maza kada abin ya fashe a ciki.

A gida duk wanda ya zo dubiya sai Malam ya ce ya warke sarai. In na gyara masa, ya ce, "Tun da kinka koyi a-ba-ca-da babu sauran zaman lahiya gidanga."

Bayan an yanke gero, rannan da magariba na ga ya yi ruku'u ya ƙi ɗagowa. Na ce ko sabuwar addu'a ya samo. Da ya sallame, hannunsa na dafe da mararsa ta dama, jiki zafi rau. Tuwo ma ya ture.

"Malam, mi yas same ka?"

"Wake na."

"Rabon tukunyata da wake tun sallar layya."

"To, iska ta."

"Mai kwanciya dai ya tashi."

"Ke kinka tashe shi da yawan kiran sunanai!"

Ya rantse ba inda za shi, ga shi duhu ya yi, abin hawa ya ɗauke a hanyarmu.

Ana sallame asuba na fita bakin hanya na tare mai Keke Napep, na kawo shi har ƙofar zaure. Na kira maƙwabta biyu majiya ƙarfi na ce su ɗauko min Malam kamar buhun gero, amma a hankali. Yana ta faɗa, na ce ya adana bakinsa, likita na da tambayoyi.