Ranar da Muka Rufe Fuska a Gonar Gero

Ranar wata Asabar ce bayan la'asar, a ƙarshen daminar da nake aji biyar na firamare, Baffa Lawali ƙanen babanmu ya dawo daga haƙar zinari a wajen Anka da wata waya mai faɗin fuska. Muka cika zauren gidanmu, a wani ƙauye kusa da Bukkuyum, kowa na leƙe ta kafaɗar wani, ya kunna mana fim ɗin Turawa. Ba ma jin abin da suke faɗa, amma mun gane komai. Wata yarinya ce sa'armu, ta rufe fuska da baƙin ƙyalle, tana bin mugaye har gida da wuƙa a kowane hannu. Ta sari wani ƙato, jini ya fantsama a bango, ita kuwa har da murmushi. Samari suka yi ta ihu da tafi. Ni kuwa na ɓoye fuska a bayan Dije, 'yar wan babana da ta girme ni da shekara guda. Ita ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da aka kashe wayar sai ta raɗa mini, "Kin gani? Ba sai an girma ba."

Aikinmu a lokacin korar tsuntsaye ne. Da an tashi makaranta mu sha fura, mu ɗauki gwangwanaye mu nufi gona, mu wuni muna kaɗawa, a hanyar dawowa mu yanko wa awaki ciyawa. A makon nan Baba ya yi ta faɗa, wai wani abu na shiga gefen gonar ta wajen rafi, yana karya gero yana tattake wake. Dije ta ce ɓarawo ne, kuma mu za mu kama shi. Ta samo tsohon baƙin hijabin Inna ta raba biyu, ta huda gurbin idanu da reza. Ta ɗauki laujen yankan ciyawa, ni ta ba ni gwafar harbin tsuntsu. Raina bai so ba, amma na fi tsoron ta ce mini matsoraciya.

Muka rufe fuskokinmu, muka laɓe cikin gero da rana tsaka. Ƙyallen na warin hayaƙi, gumi na shiga idona. Can sai kara ya fara motsi yana matsowa. Dije ta zabura da ihu ta kai sara. Ƙarar da ta biyo baya ta ƙaramin yaro ce. Sambo ne, ɗan rugar da ke hayin rafi, bai wuce shekara bakwai ba, ya biyo maraƙinsu da ya kuɓuce. Lauje ya tsarge masa hannu daga gwiwa zuwa ƙasa. Bai ma kalli ciwon ba, mu yake kallo, baƙaƙen fuskoki biyu masu ramukan ido, yana kiran uwarsa da Fillanci, fitsari na bin ƙafarsa. Na fizge ƙyallen na ɗaure masa hannu, nan ya gane ni, don uwarsa Daso ce ke kawo mana nono kowace safiya. A fim in an sari mutum ya faɗi, an wuce wurin. Wannan jinin kuwa ya ƙi tsayawa, ya jiƙa ƙyallen, ya ɓata mini hannu, ƙudaje suka fara taruwa. Muka tallabe shi zuwa bakin hanya, wani mai babur ya wuce da shi asibiti.

Kafin magariba mazan ruga sun tsaya a ƙofar gidanmu da sandunansu, samarin ƙauyenmu kuma sun taru a ɗaya gefen. A shekarar an fara jin labarin wuraren da abin da bai kai wannan ba ya jawo ƙone gidaje. Inna ta tura mu ɗaki ta ja ƙyaure, tana ta salati. Sai ga muryar Baba: "Ku hito." Ya kai mu gaban Jaɓɓo, uban Sambo, ya ajiye laujen da rabin hijabin Dije a ƙasa.

"Wa yai wanga aiki?" in ji Jaɓɓo.

"Ni ta," Dije ta ce, da kyar ake jin ta.

Baba ya ce, "Ga su nan, ɗiyanka na. Yi masu abin da ka ga dama."

 Na tsuguna ina kallon kan sandar Jaɓɓo. Daso ta ratso cikin maza ta ɗauki ƙyallen, ta zura yatsa a ramin idon, ta dube mu ta ce, "Wa ya koya maku wanga?" Baffa Lawali ya sunkuyar da kai. Jaɓɓo ya daɗe yana kallonmu, sannan ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya ce, "Yara na," wato yara ne kawai. Ya juya, mutanensa suka bi shi.

An yi wa Sambo ɗinki, hannun ya warke da dogon tabo. Mako guda Inna na aikenmu ruga da kunu, shi kuwa da ya hango mu sai ya shige bukka. Dije ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, har yau kuma ba ta iya tsayawa a yanka kaza a gabanta.

Yanzu ina aure a Gummi. Gonar nan ta koma daji, don babu mai zuwa wajen rafin, rugar kuma ta tashi shekarun baya ba tare da sallama ba. Ban san inda Sambo yake ba, ban san ko yana raye ba. Nakan tuna yadda mutane masu fushi suka tsaya suka saurari juna a ƙofar gidanmu, sai in ji kewa da tsoro lokaci guda. A ranar kalma biyu sun isa su mai da sanduna gida. Yau ban san ko nawa za su isa ba.