Man Darbejiya a Injin Ban-ruwa

A shekarun da man gas ya yi wuya muna zaune a Haɗeja. Daga Filato muka zo, maigidana yana koyar da kimiyya a sakandare. Maƙwabcinmu wani dattijo ne mai noman rani a fadamar Auyo. Injinsa na ban-ruwa yana ajiye babu mai, shinkafarsa na bushewa, ga kogi yana kallo.

Wata rana maigida ya dawo daga makaranta da zumuɗi. Wai ya karanta cewa man tsiro kan iya tuƙa inji. Akwai wani sinadari cikin 'ya'yan zurma, in an cuɗa shi da mai da barasar ɗakin gwaji, yakan rage wa man kauri.

"Maman yara, da man darbejiya za mu gwada, tunda ba mai cin sa."

"Wa zai daka?" na tambaye shi.



Ni na daka. Na tsinto 'ya'yan a gindin itatuwa, na shanya, na ɓare, na kirɓa, na matse da ruwan zafi kamar mai yin ƙuli. Ɗaci ya kama turmi, ya bi tuwo, yara suka riƙa ture kwano. Kafaɗuna kuwa ko ɗaurin kallabi sai da cije baki. Shi kuma kullum yana jijjiga kwalabe yana ɗaga su a rana. Da ƙyar muka cika galan guda.

Muka je gonar dattijon a kwalekwale. Injin ya tashi! Ruwa ya bi kwata ya shiga shinkafa, dattijon yana bin sa da gudu, wando a naɗe.

"Malam, Allah ya yi maka albarka!"

Bai gama addu'ar ba injin ya fara tari, ya mutu. Bakanike ya ce man ya daskare ya toshe shi. Shinkafar shekarar ta tafi.

Dattijon bai taɓa yi mana ƙorafi ba. Ran nan da muka tashi komowa daga gonar ma sai da ya ɗaure mana busasshen kifi. A cikin kwalekwale maigida ya soma bayanin yadda za a tace man sau biyu. Na jingina kaina da gwiwa, ban ji ƙarshen maganar ba, barci ya ɗauke ni.