Murfin da Duba-gari Bai Ɗaga Ba

Tun yana saurayi aka ɗauke shi aikin duba-gari, kuma har ya yi ritaya bai taɓa wuce abu mai murfi bai ɗaga ba. Randa, tukunya, durom ɗin ruwa, kwandon shara, duk sai ya leƙa. Matan unguwa in suka hango farar hularsa a bakin layi, sai ka ji ana ta kwarar da ruwa kamar famfo ya fashe. Da lokaci ya yi hukuma ta karɓe hular da tocilan, amma ta manta ba ta karɓe hannun ba. Sai ya dawo da aikin cikin gida.

Wadda ta fi jin jiki ita ce surukarsa, matar autansa, da suke zaune a sashen baya. Makullin sashen yana aljihunsa, wai saboda gobara. Ta je unguwa ta dawo, ta tarar an sake mata jeren tukwane, an kuma bar saƙo a bakin mijinta cewa akwai yanar gizo a bayan firiji. Ta yi ta haɗiyewa, har ranar da ya zuge jakar kayanta yana neman kyankyaso. Ba a rufa mako ba auta ya kama haya a can ƙarshen gari. Suka tafi da 'yarsu, jikar nan da ita kaɗai ce take cusa masa hannu a aljihu bai ce ta je ta wanke ba tukuna. Kewar yarinyar ta hana shi sakat, amma ko a gaban matarsa bai yarda ba. Cewa yake an sami sauƙin shara.

Wata rana a waya yarinyar ta gaya masa ta fi son gidan ɗaya kakan nata, don can akwai tsuntsaye da 'ya'yansu a cikin akwati. Shi kuwa wancan kakan, Duba-gari ya taɓa cin tararsa a kan kwata. Maganar ta tsaya masa a wuya.

“Ki zo hutu,” in ji shi, “za ki ga tsuntsayen da suka fi nasa tarbiyya.”

Washegari ya dira shagon kafinta. Aka jera masa akwatunan sheƙa iri-iri. Ya ƙi mai rufin kwano, ya ce zafi zai gasa ƙwai. Ya ƙi mai babbar ƙofa, ya ce an yi wa mage tayi. Ya ƙi mai jan fenti saboda wari. Gaskiya har nan ba wanda zai kushe zaɓinsa. Sai idonsa ya faɗa kan wasu masu ƙaramin rami, da murfi a sama, ya ɗaga ya rufe, ya sake ɗagawa, fuskarsa ta washe.

“Wannan na mene ne?”

“Na shara ne, Baba. Sau ɗaya a shekara, in 'ya'yan sun tashi.”

“Sau ɗaya a shekara? Kai haka ake yi a gidanka?”

Ya kwashe masu murfin kaf. Kafinta ya ɗora masa gyara da wani guda wanda aka kafe murfinsa da ƙusa bisa kuskure. Duba-gari ya ce gidan da ba a iya shiga a duba ai ba gida ba ne, ya jefar da shi gefen rijiya. Matarsa ta ɗauka ta rataye a jikin gwaiba, bayan kicin.

Sauran ya kafa su a lambu, nesa da rana, sama da tsallen mage. Ba a jima ba tsuntsayen gwara suka fara zuwa. Kullum da safe sai ya jingina tsani, ya hau, ya ɗaga murfi. Me zai gani? Busasshiyar ciyawa, gashin kaza, guntun tsumma, zaren buhu.

“Zo ki ga ƙazanta!” yake ƙwala wa matarsa kira. “An ba su gida fes, sun mai da shi juji.”

Ya kwashe tas, ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya fesa maganin ƙwari. Tsuntsuwa ta dawo da tsinke a baki, ta leƙa, ta sake sabon lale. Gobe ma haka. Daga baya ko inuwarsu aka daina gani a lambun. Ya ce tsuntsayen zamani ba su da juriya.

Hutu ya zo. Auta ya bugo ya ce za su leƙo, wuni kawai, ba kwana. Hankalin Duba-gari ya tashi matuƙa. Me zai nuna wa yarinyar, akwatuna masu ƙamshin magani? Yana zaune ya yi tagumi, matarsa ta yafito shi bayan kicin, ta ɗora yatsa a baki. Daga akwatin nan da ya jefar wani siririn kuka ke fitowa, tsiyu-tsiyu, uwar tana shiga tana fita da tsutsa.

Murna ta kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Sai kuma ya juya da sauri, ya dawo da guduma mai zare ƙusa.

“Ƙirga su kawai zan yi,” ya ce.

“Ɗaga mana, Malam,” in ji matarsa, ko kallonsa ba ta yi ba. “Ɗaga, su ma su je ƙarshen gari su kama haya.”

Ya tsaya da gudumar a sama. Ya dubi akwatin, ya dubi ƙofar sashen baya da ke kulle, kunya ta rufe shi. Ya miƙa mata gudumar.

Ranar da suka zo, shi da jikar suka zauna a kan benci ƙarƙashin gwaibar suna kallon uwar tana safa da marwa.

“Kaka, su nawa ne a ciki?”

“Ban sani ba.”

“Ba ka duba ba?”

“Ba gidana ba ne.”

Surukar tana bakin kicin da tire a hannu, ta ji. Duba-gari ya laluba aljihu, ya sha fama kafin ya zare makullin sashen baya daga zobe, don ya daɗe a wurin har ya yi tsatsa. Ya danƙa wa yarinyar ya ce ta kai wa mamanta. Surukar ta juya shi a hannu, ta ce, “Baba, sai dai mu gani.” Ba ta yi alkawarin komai ba, amma da yamma ta aiki mijinta ya ɗebo musu kayan sawa.

Ta ɗora tukunya a wuta, ta rufe, ta shiga ciki. Duba-gari ya zo wucewa, murfin yana ta rawa, tururi na fita ta gefe. Ya rage tafiya. Sai ya mai da hannayensa baya, na hagu ya damƙe na dama da ƙarfi, ya wuce lambu.